Fulawa cikin ɗakin da rana ba ta shiga, a sayo ko a haƙura?

Maman Hanifa: Salamu alaikum yan uwa. Mun koma haya a unguwar Zariya, falon taga ɗaya gare shi kuma yamma take kallo, sai bayan azahar rana ke leƙowa. Ina son in aje alobera da moda, shukar nan mai dogon ganye kamar takobi, wacce za ta rayu a ciki?

Abban Sadik: Ki sa su waje gindin bedi, magana ta ƙare

Maman Hanifa: Cikin ɗaki hwa na ce baban Sadik

Hajiya Ta Mokoyo: Ɗiyata ni kar a tuna min. Tukunya shida na saya wajen wani mai fulawa a bakin titi, ya rantse min ba su son rana ko kaɗan, na jera su bayan kujera ina ta ba su ruwa safe da yamma, alobera ta yi tsawo ta koɗe ta karkace wajen ƙofa, ganyen ya yi laushi, da na tumɓuke saiwar duk ta ruɓe tana wari. Na koma gare shi wai hannuna ne ba kyau! Jika biyu biyu kowace.

Dan Gulbi: Jika biyu?? Ni dala ɗari na sayi tawa

Hajiya Ta Mokoyo: Da tukunyar siminti yaro

Malam Issa: Ruwa ya kashe su Hajiya, shuka in ba ta samun haske ba ta shan ruwa sosai, ƙasar sai ta zauna a jiƙe. Maman Hanifa moda tana jure ƙarancin haske, alobera kuwa sai dab da taga. Amma ranar yamma a watan Afrilu ƙona ganye take, ki sa labule marar kauri. Lokacin hunturu ki dinga goge ƙurar ganyen da tsumma mai laima.

Dan Gulbi: Malam kai da gero ka sani, yaushe ka zama likitan fulawa

Malam Issa: Mai gero dai ya hi mai kallon bidiyo

Rabi: Ta roba ki saya, ba rana ba ruwa, akuya ma ba ta kula ta 😂

Hajiya Ta Mokoyo: Wane ruwa ma, mu pamponmu tun sallah sai tsakar dare yake zuwa, takardar biya kuwa ba ta makara

Abban Sadik: Mu nan a ƙarshen wata sai jarka muke saye, nawa ake ba ku kura ɗaya a can?

Maman Hanifa: To ita modar, taku nawa daga taga?