Gishirin Margaret Ekpo

Inna Mai Ɗinki:
Sallama 'yan uwa. Ga nawa, mai baiti ya ɗora.

Ku matso ku ji labarin wata,
Ta garin Aba mai kasuwa,
Margaret Ekpo, matar likita,
Mai koyar da ɗinki da dafuwa.
Mijinta ma'aikacin gwamnati,
Taron siyasa ba shi zuwa,
Ita ke tafiya a madadinsa,
Ta duba fili, ba 'yar uwa.

Ɗan Kwari:
Inna, kin tsallake gishiri!
Da ya yi wuya a cikin gari,
Ta sayo buhuhuna ta yi shiri,
Wadda ba ta ƙungiyar mata, sai haƙuri.
Maigidan da ya hana ta tun fari,
Da ya ci teba da miya lami,
Ya ce, "Tashi ki shiga, yi sauri!"

Malam Bazazzagi:
Ɗana, ni fa ban gamsu ba,
Jiya gishiri, yau taliya,
Da atamfa da sabulu ran zaɓe,
Ina bambancin, tsakani da gaskiya?

Inna Mai Ɗinki:
Allah gafarta Malam, akwai shi,
Mai taliya ƙuri'a yake saya,
Ya ɓace, sai bayan shekara huɗu,
Ita ko mata ta tara wuri ɗaya.
A 1954 ta kafa musu ƙungiya,
A 1955, zaɓen garin Aba,
Masu ƙuri'a mata sun bar maza baya.
Kujerarta ma sai 1961,
Majalisar Gabas, can Inugu,
Tazarar nan ta ishe ka shaida ɗaya.

'Yar Auta:
Ni abin da ke ci mini rai, Inna,
Ranar da ta zauna majalisa,
Kakata ba ta da ikon zaɓe,
Matan Arewa an ce su dakata.
Gambo Sawaba ta NEPU a Zariya,
Ta sha kurkuku, an aske kanta,
Zaɓen ƙasa sai 1979
Aka ga layin mata a rumfarta.

Malam Bazazzagi:
Auta, kin taɓo inda ke ciwo,
Na janye batun taliya.

Ɗan Kwari:
Da yaƙin basasa ya ɓarke,
Biyafara ta tsare ta shekara uku.
Filin jirgin Kalaba, 2001,
Aka sa sunanta tana da rai,
Ta rasu 2006, tana da 92.
Amsa-amon ya kuɓuce mini nan,
Inna, ki gyara min da allurarki.