Shawarwari kan sayen saniya a ruga don watanda

Ga abin da na tattaro daga hirar da muka yi kan haɗa kuɗi a sayi saniyar kiwon sake kai tsaye wajen makiyaya. Kusan kowa ya yarda lokacin kaka ya fi, shanu sun ƙoshi da ɗanyar ciyawar damina, da bazara kuwa duk sun rame. Kar ka je kai kaɗai, tafi da mahauci ya duba haƙora ya san shekarunta, ya taɓa ƙirji da gindin wutsiya ya ji ko akwai nama.

Inda aka fi jan kunne shi ne shanun sata, wallahi wannan ba wasa ba ne, a bi ta hannun arɗo a yi ciniki gaban shaidu, in hankali bai kwanta ba gara a nufi kara kamar ta Wudil ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis a biya la'ada.

Naman ya fi na turke tauri, sai an ba shi wuta sosai, amma ni dai ɗanɗanonsa ya fi min. A gama maganar kai, ƙafa, fata da kayan ciki tun kafin yanka, nan rigima take tashi. Wanda ba shi da firiza ko wutar Nepa ba tabbas ya soya nasa ranar.