Lasisina na ƙasa da 500 ne, zan iya riƙe jirgi mai ɗaukar tan 800?

Ɗan_Teku: Salam ƴan uwa, dan Allah masu sani ku fitar da ni duhu. Satifiket ɗina na kyaftin an rubuta jirgi ƙasa da 500 GT, to yanzu an min tayin aiki a wani ƙaramin jirgin dakon kaya, mai jirgin yace yana ɗaukar kaya tan 800, ni kuma sai gabana ya faɗi don bana son in hau a zo bincike a tasha ace na wuce iyakata. In karɓa ko in haƙura?

Tsohon_Kyaftin: Wslm ƙanena. Kar ka yi saurin haƙura, tan 800 da ya faɗa maka nauyin abin da jirgin ke iya ɗauka ne, kaya da mai da ruwa duka, shi kuwa lasisi ba ruwansa da nauyi sam. GT girman cikin jirgi ake aunawa, duk wurin da yake a rufe, ɗakin inji, ɗakunan ma'aikata, rumbun kaya, a haɗa a kubik mita sannan a ninka da wata ƴar lamba da take ƙaruwa da girman jirgin. Kubik mita 1,000 zai baka 260, 10,000 kuma 2,800. Haka yarjejeniyar IMO, hukumar kula da sufurin teku ta duniya, ta 1969 ta tsara, ta fara aiki 1982. Kace ya nuna maka takardar tonej ta jirgin, abin da ke jikinta shi ne magana ba abin da ya faɗa da baki ba.

Mai_Inji: Gaskiya ne yallaɓai. STCW ma, yarjejeniyar duniya kan horo da lasisin ma'aikatan jirgin ruwa, a 500 da 3,000 GT ta yanka iyakar ku kyaftin da mataimakansu, shi yasa zaka ga jirage da yawa an ƙera su 499 cif, ai ba haka kawai bane. Mu injiniyoyi dai da ƙarfin inji ake auna mu, kilowat 750 da 3,000.

Bako22: Amma fa a duba da kyau GT aka rubuta ko GRT, don ba ɗaya bane. GRT tsohon awo ne, tan ɗaya kubik ƙafa 100, kuma ana cire wasu wurare ba a lissafa su, Amurka har yau da shi take ba da lasisin cikin gida, kuma a wajensu 200 GRT ne suke daidaitawa da 500 GT, 1,600 kuma da 3,000. Jirgi ɗaya sai ya zama da lamba biyu, mutum ya kalli ƙaramar ya ɗauka ya tsira alhali ba ita ce ta shafi takardarsa ba, kuma in hatsari ya faru ƴan inshora nan zasu fara dubawa.

Ɗan_Teku: Allah ya saka da alheri. Ya turo min hoton takardar yanzu, 497 GT ne. Saura in duba ko lasisina na kusa da gaɓa ne kawai, don yace wani lokacin suna fita nesa.