Muhawara: Kotu ta wanke zanen 'yan matan Varga?

Sagir: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni dai ina nan kan bakana. Zanen 'yan matan da Alberto Vargas, wanda aka sani da Varga, ya riƙa yi wa mujallar Esquire ta Amurka daga 1940 zuwa 1946 fasaha ce tsantsa, kuma Kotun Ƙolin Amurka da kanta ta wanke shi a 1946. Duk mai koyon zanen mutum ya kamata ya yi nazarinsa.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Sagir, ka haɗa magana biyu wuri guda, ta kotun kuma ba haka take ba. A 1943 shugaban hukumar gidan waya na Amurka, Frank Walker, ya nemi janye wa Esquire rangwamen kuɗin aika mujalla ta gidan waya. Aka kafa kwamitin mutum uku, biyu suka ce ba su ga batsa ba. Sai Walker ya sauya hujja, ya ce ko ba batsa ba ce, mujallar ba ta amfanar jama'a, ya janye rangwamen. Da hakan ya tabbata, da ta riƙa asarar kusan dala 500,000 a shekara. Mujallar ta kai ƙara kotu, kafin a kai ga hukunci Robert Hannegan ya gaji kujerar Walker, shi ya sa shari'ar ke ɗauke da sunansa. Abin da alƙali William Douglas ya rubuta a madadin kotu shi ne, doka ba ta ba shugaban gidan waya ikon tantance rubutu ko zane mai kyau da marar kyau ba. Hannun jami'i aka ɗaure. Ba a yanke hukunci kan darajar zanen ba.

Sagir: Malam, ai da abin ƙazanta ne da ba su bar shi ya bi gidan waya ba.

Malam Habu: Barin abu ya wuce daban, yabonsa daban, ɗana.

Hajiya Binta: Ni ba kotun ce ta dame ni ba. Ku dubi yadda ake zana matan nan. Ƙafafu sun fi na kowace mace tsawo, ƙugu an matse shi, fata ba tabo ba ƙurji, tufa shara-shara, bayanta kuma fari fat, ba ɗaki, ba gida, ba aikin da take yi. Na George Petty, wanda ya riga Vargas a mujallar tun 1933, sau da yawa wayar tarho kawai ake riƙa mata. An cire duk abin da zai nuna mutum ce mai rayuwarta, an bar jiki, an naɗe shi a tsakiyar mujalla don namiji ya ɓalle ya liƙa a bango. Wannan talla ce da jikin mace, kuma abin yana min ciwo.

Sagir: Hajiya, ki gafarce ni, ni hannun nake magana. Mutumin nan ɗan Arequipa ne a ƙasar Peru, mahaifinsa mai ɗaukar hoto ne, a wurinsa ya fara koyon gyaran hoto. Yakan shimfiɗa fentin ruwa siriri, sannan ya bi da na'urar feshi, har inuwar kumatu ta narke cikin haske ba ka ga inda buroshi ya bi ba. Duk wanda ya taɓa feshi ya san ɗigo ɗaya kan ɓata aikin yini. Ainihin zanukan ma suna ajiye a gidan adana zane na Spencer a Jami'ar Kansas.

Zainab: Yaya Sagir yana da gaskiya a nan. Kuma Hajiya, ba maza kaɗai suka yi sana'ar ba. Akwai Zoë Mozert da Pearl Frush da Joyce Ballantyne. Mozert ma kanta take kallo a madubi ta zana.

Hajiya Binta: 'Yata, hannun mace ya zana, amma wa ya saya? Kamfanin Brown & Bigelow kalanda yake bugawa, 'yan kasuwa su sa sunan shagonsu a ƙasa su rarraba, a rataye a gareji da shagon aski. Mai biya shi ke faɗin abin da yake so a zana.

Alhaji Lawal: Ku bar ni in sa baki. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ɗaga abin nan. Sojoji sun riƙa kwaikwayon zanen a jikin jiragen yaƙi. Wanda ke kan jirgin Memphis Belle daga zanen Petty na Esquire ta Afrilun 1941 aka ɗauko shi. Masu kare mujallar sun riƙa cewa tana ƙarfafa wa samari gwiwa a fagen daga. To ni ban ga ƙarfin gwiwar da sai an tuɓe 'yar mutane ba. Addininmu ya hana kallon tsiraici, na zane ne ko na hoto.

Zainab: Alhaji, ba wanda ya ce a kawo shi aji a baje. Tarihinsa muke magana.

Malam Habu: Tarihin kuwa yana da abin koya wa mai zane, amma ba wanda Sagir ke nufi ba. Esquire ta ɗauki Vargas ne lokacin da suka saɓa da Petty kan kuɗi. Ta cire harafin ƙarshe na sunansa ya koma Varga, sannan ta mallaki sunan. Da suka ɓata ya kai ƙara, ya sha kaye a 1947, ya rasa ikon sa wa aikinsa sunan da duniya ta san shi da shi. Ya daɗe cikin ƙunci kafin mujallar Playboy ta ɗauke shi, wadda Hugh Hefner, tsohon ma'aikacin Esquire, ya kafa a 1953. Ɗalibina zan karanta masa wannan kafin ya sa hannu a kowace yarjejeniya.

Sagir: Na ji, Malam. Amma har yanzu ba wanda ya nuna min wanda ya fi shi iya feshi a zamaninsa.

Hajiya Binta: Ba na musun gwanintarsa. Ina tambayar abin da aka yi da ita ne. In feshi kake so ɗalibai su koya, ka ba su fuskar tsoho ko hannun mai jima su zana, inuwa da haske duk suna nan.

Zainab: Wannan zan iya gwadawa da 'yan ajina mako mai zuwa. Yaya Sagir, ka aro min na'urar feshinka.