"Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata": wace irin ƙarewa ce?

Malam Isufu, Yamai: Jama'a, ɗaliban lise, wato babbar sakandare, suna juya wannan karin magana zuwa Ingilishi suna sa die out a gurbin "ƙare". Ni dai na ce kuskure ne. Me kuka gani?

Hajiya Rabi, Tawa: Da gaskiyarka, Malam. Die out ƙarewa ce ta sannu a hankali: iri ya yi ta raguwa, haihuwa ta kasa cike gurbin mutuwa. Ba wani ne ke aikata ta a kan wani ba, don haka was died out ba magana ba ce. Mai dami ɗaya kuwa dare ɗaya aka yashe masa rumbu. Wannan wiped out ce.

Abdu Mai Fassara: Hajiya, a yi mini haƙuri, ban yarda ba. Dami namiji ne, da shi ake nufi da an ce "ya ƙare". "Ta" ɗin nan maganar ce: aikin gama ya gama, babu sauran shawara. Shi ya sa ake faɗinta in yarinya ta riga ta auri wani, ko an yanke hukunci. It is all over ta fi dacewa.

Hajiya Rabi: Na karɓa, ɗana. Nahawu na bayanka.

Malam Isufu: Madalla. Amma kalmomin nan har yanzu suna rikita yara. Ku dubi itacen Tenere, wanda ya yi suna da tsayuwa shi kaɗai a tsakiyar hamadar Nijar: 'yan'uwansa sun mutu ɗaya bayan ɗaya da hamada ta ci wurin, they died out. Shi da ya rage, babbar mota ce ta kaɓe shi a 1973, it was destroyed. Gangar jikinsa na gidan tarihin Boubou Hama da ke Yamai. Ƙasusuwan dinozor da ke can kuma na dabbobin da suka zama extinct ne, babu ko ɗaya a doron ƙasa. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, sun sauko har 49 a 1996, amma sun farfaɗo. Su a lokacin endangered ne, wato suna cikin haɗarin ƙarewa, ba extinct ba.

Abdu: Tarkon da ya fi kama ɗalibanmu daga Faransanci yake. Suna ganin espèce éteinte sai su rubuta extinguished. Wannan ta kashe wuta ce, Malam. Perish kuma ta mutanen da suka halaka ce, a ambaliya ko ƙishirwa.