Neman shawara: tambayar ƴan makaranta kan zuwa silima

Ɗalibar aji huɗu:
Salam ƴan uwa, furojet ɗina na ƙarshe a kan yadda ƴan sakandare ke zuwa silima ne a Kano, na rubuta tambayoyi amma supabaiza ya ce yaran ba za su faɗi gaskiya ba. Don Allah ya zan yi?

Wani malamin makaranta:
Wa alaikissalam ƴata. Gaskiya ya faɗa miki. A garin nan kalmar ɗan silima kusan zagi ce, yaro ba zai ɗaga hannu gaban malaminsa ya ce ya je ba ko da ya je. Kar ki sa su rubuta suna, ki roƙi malamin aji ya fita, sannan ki fara samun izinin firinsifal da na iyaye kafin ki raba takarda ko ɗaya.

Ɗan Fagge:
Ni dai anti tambayar ce nake ga da gyara, yaran yanzu ina suka san tsofaffin silimomi irin su Plaza da El Dorado, wanda ya je silima sai dai da sallah in babansa na da hali, sauran kuwa a waya suke kallo, su kai memori wajen masu turi a loda musu, ko YouTube, ko Arewa24 a gida. Ki sa gidan kallon ƙwallo ma a ciki.

Maman yara:
Ki raba na mata da na maza, mace ba ta zuwa ita kaɗai, sai ki tambaya wa ya kai ta kuma wa ya biya.

Ɗalibar aji huɗu:
Na gode sosai Baba, gobe zan kai wa supabaiza gyaran.