Musayar Waƙa: Koma Bakin Gadon

Ɗalibar Jinya:
Salama gare ku manyan jinya,
Ƙanwarku ce ta zo da tambaya.
Na auna zafin jikin majinyaci, 37 cif,
Bugun zuciya 80, na ce ai lafiya.
Sai babbar nas ta kore ni,
Wai koma gadon, ba ki gama ba, ɗiya.

Anti Mai Aikin Dare:
Ƙanwata, ni ma an kore ni,
Ina sabuwa, na sha kunya.
Numfashin fa, kin ƙirga shi?
12 zuwa 20 a minti ne na babba mai lafiya.
Bar yatsunki a wuyan hannunsa,
Kamar kina bin bugun jijiya,
Idonki kuwa na kan ƙirji.
In ya gane, zai gyara, ki rubuta ƙarya.
Wanda aka yi wa allurar mofin mai kashe zafin ciwo,
Numfashinsa kan ja da baya,
In barcinsa ya yi nauyi, kar ki ce hutu ne,
Kira likita, kar ki jira safiya.

Malam Na Ɗakin Magani:
Anti, ba ni wuri in sa baki,
Ni ɗigo nake tsoro, ɗigo ɗaya.
A rubuta .5 ba sifili a gaba,
Ido ya ga 5, ninki goma a jijiya.
Kuma kar ki ce, "Baba, kai ne wane?"
Mai jin jiki "e" zai ce don gajiya.
Shi ya faɗi sunansa da bakinsa,
Ki duba kati, sannan ki ɓare ƙwaya.
Ki tambaye shi borin jini,
Ko penisilin ya taɓa ba shi wuya.

Anti Mai Aikin Dare:
Malam ka tsaya a bakin gado,
Ka manta ranar sallama da tafiya.
Farasitamol, giram 4 iyaka
A yini ga babba, hanta ba ta da juriya.
Wani maganin mura ma yana ɗauke da shi,
Ya haɗa biyu bai sani ba, ga ta'adi a ɓoye.
(Amon ya karye, ku yi haƙuri.)
"Ka gane?" ba ita ce tambaya ba,
Ce masa, "Maimaita mini yadda za ka sha, Yaya."

Ɗalibar Jinya:
Na koma, Anti, na riƙe hannun,
Na ƙirga numfashi 9 a minti ɗaya.
An yi masa mofin bayan tiyata,
Likita ya zo, ina nan a tsaye ban tafi ba.